Guntun Ƙarfe na Ƙarshe

Aikina a Guangzhou shi ne in zauna in jira ƙarfe ya karye. Duk wanda na gaya wa haka a gida sai ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake yi, alhali iyakar gaskiyata ke nan. Karatun digiri na biyu ne ya kai ni, a kan ƙarfen da ake ƙera jikin manyan jiragen ruwa da shi, ni da na tashi a Kano, ruwan da ya fi kowanne girma a idona shi ne na Tiga. A lokacin, jirgin ƙarƙashin ƙasa bai daɗe da isa Panyu ba, unguwar da makarantarmu take, kuma ko'ina ka duba a garin ko gini ake yi ko rusau.

Abin da nake karantawa ba shi da wuyar ganewa in an cire masa turanci. Kowa ya taɓa fama da murfin gwangwanin madara da ya ƙi fita: ka lanƙwasa shi gaba, ka mayar da shi baya, ka yi ta yi, sai ka ga ya rabu ba tare da ka sa wani ƙarfin kirki ba. To haka teku ke yi wa jirgi. Igiyar ruwa ta ɗaga tsakiyarsa ta sake, ta ɗaga ta sake, dare da rana, shekara da shekaru. Babu igiya ɗaya da ta isa ta yi masa komai. Amma a bakin walda, daidai inda ɗinkin ya haɗu da jikin ƙarfen, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani takan buɗe, ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Shi ake kira gajiyar ƙarfe. Masu ƙera jirgi suna son sanin saurin da tsagar ke tafiya, da kuma tsawon da ƙarfen zai iya jure ta kafin ya dare gida biyu a lokaci guda.

Malamar da ke duba aikina 'yar gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta faɗa, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta kai ni wata ma'aikatar ƙera jirage a bakin kogi, can ƙasa da gari, inda na tsaya a gindin wani jirgi da ba a gama ba, ina ɗaga kai har hular kwanon da aka ara mini ta faɗi. Daga ragowar ƙarfen jikin wannan jirgin aka yanko mini guntayen da zan yi gwaji da su, kowanne bai fi kamu ɗaya ba, mai walda ɗaya kuma ya ɗinke su duka. Sun isa aikin, har da ɗan rara. A hanyar dawowa ta ce mini in riƙe su da kyau, domin jirgin zai shiga ruwa, kuma ba za a sake samun irin wannan ƙarfen da irin wannan waldar ba.

Injin gwajin yana wani ɗaki a ƙasan beninmu, tsoho ne, ya fi ni tsayi nesa ba kusa ba. Yana cafke guntun ƙarfen sama da ƙasa, ya ja ya sake, ya ja ya sake, da saurin da ido ba ya iya bi, yana wani gurnani da ke shiga har cikin haƙori. Ɗalibai da yawa ne a layinsa, kowa da rabonsa na kwanaki. Da safe ake kunna shi, da magariba a kashe a rufe ɗakin, kuma in ka tsayar da shi da rana don wani uzuri naka, wannan ranar ta tafi ke nan, ba mai rama maka. Sai ka ɗaura guntu ka yi kwanaki ba abin da ya faru. Ka shafa wani jan ruwa a bakin waldar, ka leƙa ta madubin da ke girmama abu, ka ga ba komai. Sannan wata rana, ba sallama, sai ga wani jan layi siriri kamar silin gashi. Daga nan ba ka da sauran sukuni. Kafin yini ya ƙare tsagar za ta ratsa, kuma dole kana wurin, kana auna tsawonta lokaci-lokaci har ƙarfen ya karye. In ya karye ba ka nan, ka tashi a tutar babu, sai guntaye biyu da ba su da abin da za su gaya maka.

Ko bayan ya karye ma akwai doka. Malama ta koya mana ita tun ranar farko: fuskar karaya ba a taɓa ta da hannu, ba a hura mata numfashi, kuma babban laifin da ya fi kowanne shi ne mutum ya ɗauki ɓangarorin biyu ya haɗa su don ya ga yadda suke a da. A wannan fuskar ne tsagar ke barin sawunta, layi-layi sirara, kowanne yana nuna inda ta kai a wani lokaci. Gogayya ɗaya ta isa ta shafe su. Ta ce duk baƙon da ya shigo ɗakin abin da hannunsa ke fara yi ke nan, saboda haka mu sa ido.

Ni kuwa ba mutumin zama ba ne. Tun ina yaro mahaifiyata ke cewa kamar da ƙaya a kan duk tabarmar da aka shimfiɗa mini. A ɗakin nan nakan tashi daga kujera in je taga, in dawo in leƙa madubi, in gyara abin da ba ya buƙatar gyara, in fita in sha ruwan zafin da ba na sha'awa, in dawo a guje don kada wani abu ya faru a bayana. Har a mafarki gurnanin injin ke bina. Amma ba zaman ne ya fi damuna ba, wayata ce.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana zuwa Guangzhou sarin kaya tun kafin in san da garin a duniya. Shi ya fara kawo maganar karatun nan, shi ya yi ta kai-kawo har ta yiwu. Injiniya yake kirana tun ina sakandare, daga ranar da na gyara masa wata fanka da ta ƙara mutuwa washegari. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a rabe ya wuce. Ƙwarya in ta tsage sai ya sa an ɗinke, takarda in ta yage ya manne, 'yan'uwa in suka yi faɗa ba ya barci sai ya zaunar da su a tabarma ɗaya. Yana alfahari da ni ƙwarai, kuma wannan alfaharin ne ya zame mini ciwon kai, domin duk wanda zai hau jirgi daga layinsu sai Kawu ya ba shi lambata. Yakan ce musu akwai ɗansa a can, yana jin yaren mutanen kamar a cikinsu aka haife shi.

Sai ina tsaye a kan inji waya ta yi ƙara. Alhaji wane ne, ya sauka jiya, yana kasuwar Shahe, lawban, wato mai shagon, ya ce masa meyo, babu, shi kuwa ga kayan yana gani da idonsa a rataye. Ko wata hajiya ta ɓata a tsakanin benayen kasuwar tufafi ta Shisanhang. Ko an cika wa wani kwantena da launin da ba shi ya zaɓa ba. Babu wanda ya taɓa neman wani babban abu a wurina. Kullum maganar ita ce ɗan leƙo mu, ɗan yi mana magana da mutumin nan, ai ba za ka daɗe ba. Daga Panyu zuwa Shahe kuwa, da zuwa da dawowa da gaishe-gaishe da zo mu ci abinci, yini ne ɗungurungum. Kuma dukkansu sa'annin iyayena ne. Yadda aka rene ni, in babba ya aike ka amsar ɗaya ce, to. Bakina ya saba da ita har yakan faɗe ta kafin in yi tunani.

Guntun farko da na rasa, wandunan jins ne suka ci shi. Na duba shi da safe ba alamar komai, na ce a raina ai ba yau ba ne, na bar injin yana aiki na tafi. Na dawo da la'asar sakaliya, tun daga matattakala na ji shiru, na san an yi asara, domin injin ba ya tsayawa da kansa sai in abin ya karye. Na biyun mayafan mata ne suka tafi da shi. Wasu guntayen na same su daidai, na zauna a kansu har ƙarshe, amma rarar tana ta narkewa. Na roƙi wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar ya riƙa duba mini, ya yi sau ɗaya, na biyu ya ce shi ma da nasa. Ban ga laifinsa ba.

Abokin zamana a ɗaki wani ɗan Nijar ne daga Damagaram, yana karatun likita, mutum mai sanyin rai da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwa ake. Shi ya ce in kashe wayar kawai, ya ga wa zai mutu. Na kashe ta na 'yan kwanaki, na ji daɗin duniya. Sai ga mahaifiyata ta kira ta wayarsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi an zo har gida an gaya wa Kawu wai ɗan nasa ya zama Bature, ana kira yana ɓuya, Kawu kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa a kasuwa. Ta tambaye ni ko haka ne. A ranar na kunna wayar.

Da na rasa guntu na gaba malama ta kira ni ofishinta. Ta zuba mini shayi, ta tambaye ni ina nake zuwa. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce su ma suna girmama manya, amma ba ta ga abin da zai hana in ce ina da aiki ba. Na ce mata a wurinmu aikin yaro ba uzuri ba ne a gaban babba, ni kuma ko furfura na yi, a gaban waɗannan mutanen yaro ne. Daga ƙarshe ta gaya mini abin da na riga na sani: guntu ɗaya ya rage, kuma sakamakon da nake da shi bai isa a kare digiri ba sai da shi, awonsa da fuskar karayarsa duka. In ya tafi kamar sauran, sai dai in sake sabon aiki daga tushe, gurbin karatuna kuwa ba zai jira ni ba.

Na ɗaura guntun na ƙarshe a wani yanayi da ake yi a garin bayan sanyi, lokacin da bango ke zufa, daɓen ɗaki ya jiƙe kamar an zuba masa ruwa, shanya ta ƙi bushewa. A irin wannan lokacin sabon ƙarfe in ka bar shi a buɗe, kafin ka juya ya fara tsatsa. Na yi kwanaki ina gadinsa kamar mai jinya. Duk wanda ya kira sai in haɗa shi da wani ɗalibi ɗan Katsina, in yi ta ba da haƙuri har bakina ya bushe. Na san Kawu yana tafe a watan, ina ta addu'a ƙarfen ya karye kafin ya sauka, ƙarfen kuwa ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Ranar da jan layin ya bayyana, ban gama murnar ganinsa ba wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ya sauka jiya, yana Shisanhang tun da sassafe, akwai wata mata mai rigunan da yake so, sun kasa fahimtar juna, kuma yana son rufe kwantenarsa kafin ya tashi. Kasuwar nan da azahar take watsewa. Ya ce in same shi yanzu.

Na ce, "To, Kawu."

Na ajiye wayar na tsaya ina kallon injin. Na ce bari in yi awo ɗaya sannan in tafi. Na yi. Na ɗauki jakata, na kai bakin ƙofa, na dawo na sake leƙawa. Tsagar ta ɗan ƙaru. Na ajiye jakar. Kawu ya sake kira na ce ga ni nan tafe. Ya kuma kira na ce ina hanya. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar, kuma ba don na shirya yi ba, kawai dai ƙafata ta ƙi fita, bakina kuma ya ƙi faɗin gaskiya. Na kira ɗan Katsinan, wayarsa a kashe, yana jarrabawa. Na zagaya ɗakin nan har mai kula da injin, wani dattijo da ba ya shiga harkar kowa, ya ɗago kai ya dube ni. Can sai wayar ta daina ƙara, wannan shirun kuma ya fi kiran tayar mini da hankali.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gadin beni ne, a bayansa Kawu, da babbar riga jiƙe da gumi, hularsa a hannu. Ashe yana da wani ɗan kati mai ɗauke da adireshin makarantarmu da rubutun China, wanda yake yawo da shi a aljihu don nuna wa mutane a Kwari. Shi ya miƙa wa mai tasi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya sha mur, amma ba zai yi mini faɗa a gaban baƙi ba. Ina tsakiyar tambayar mutanen gida lokacin awo ya yi, na miƙe na bar gaisuwar a rataye. Da na waiwayo yana tsaye yana kallon injin daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Wannan ne ya hana ka zuwa?"

Na ce shi ne. Na yi masa bayanin murfin gwangwani da igiyar ruwa, na gaya masa wannan ne na ƙarshe, ban dai gaya masa abin da ya ci sauran ba. Ya ce shi bai ga komai na motsi ba, ƙarfe ne lafiyayye ake ba wa wahala. Sai na ja shi zuwa madubin. Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe a haka. Ta cikin madubin ana ganin tsagar tana buɗewa tana rufewa kamar bakin kifi. Ya ɗago ya tambaye ni ko jiragen da ke ɗaukar kayansa su ma suna da irin wannan a jikinsu. Na ce kusan kowane jirgi yana da ita a wani wuri, abin da ake so shi ne a gano ta tun tana ƙarama. Ya tambayi nauyin da ake ɗora wa guntun, na ce bai kai rabin abin da zai iya ɗauka a tashi ɗaya ba, yawan maimaitawar ne. Kawu yana da kwantena a kan teku a lokacin. Ya nemi kujera ya zauna.

Ashe rashin iya zama a dangin uwa na gado shi. Kawu ya ciro carbi, ya mayar. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya tambaye ni saura yaushe, na ce Allah kaɗai ya sani. Wayarsa ta yi ta ƙara, yana amsawa da ɗan guntun yaren da ya tsinta a kasuwa, yana cewa gobe, gobe. Da la'asar ta yi muka yi salla ɗaya bayan ɗaya a lungun ɗakin, shi ya ce in fara, zai duba mini. Ina sallar ina jin sa yana tsaye a kan madubin, bai san abin da zai yi ba in ma ya ga wani abu, amma ya tsaya. Zuwa can tsagar ta kai inda ko ba madubi ana ganinta. Awona ya koma kusa-kusa. Malama ta leƙo, ta ga baƙo, na gabatar da su, ta ɗan sunkuyar da kai, Kawu ya gaishe ta da yarensu, ya ce mata nihaw da ƙarfinsa. Ta tsaya, ɗalibai biyu da suka biyo ta su ma suka tsaya.

Ƙarar karyewar kamar an buga ƙofar ƙarfe ce da guduma. Kawu ya zabura yana salati. Injin ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Ban san sanda na fara dariya ba. Na samu awona har na ƙarshe, ba wanda ya kuɓuce. Na sa safar hannu, ni da mai kula da injin muka kwance ɓangarorin biyu, na kwantar da su a kan farin ƙyalle a tebur, nesa da juna. Fuskar ta fito tas, ɓangaren da tsagar ta bi a hankali sumul da layukansa jere, ɓangaren da ya tsinke lokaci guda kuma kaushi yana ƙyalli. Na juya don in ɗauko tulun gilashin da muke adana su a ciki saboda danshi.

Da na waiwayo, Kawu yana riƙe da guda a dama, guda a hagu, ya ɗaga su daidai idonsa, yana kusanto da bakunansu a hankali, yana neman yadda za su zauna da juna.

"Kai! Ajiye!"

Muryata ce. Da irin muryar da ake korar akuya daga kan shanyar hatsi na yi wa Kawu magana, a gaban mace, a gaban yara sa'annin 'ya'yansa. Ba sa jin Hausa, amma ba wanda ke buƙatar tafinta a wurin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya tsaya cak. Bai dube ni ba. Ya sauke hannayensa a hankali, ya ajiye guda a nan, guda a can, daidai inda ya ɗauke su. Ya goge tafinsa a jikin riga.

Ya ce, "Na ɓata maka?"

Na sunkuya na duba, idona ya cika har ba na gani sosai. Fuskokin ba su taɓa juna ba. Sawun babban yatsansa ne kawai a gefen ɗaya, inda ba ruwan aikina da shi.

Na ce, "Ba ka ɓata ba, Kawu."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sa hularsa, ya yi wa malama godiya da yarenta, ya fita. Na rufe ƙarafan a tulu na bi shi a guje. A hanya zuwa bakin titi na yi ta ba shi haƙuri, yana cewa ba komai, aiki ne. Na ce gobe da asuba zan same shi a Shisanhang. Ya ce in zauna in ƙarasa abin da ya kawo ni, zai nemi wani. Ya shiga tasi, ya ɗaga mini hannu.

Daga wannan makon wayata ta yi shiru. Ba alhaji, ba hajiya, ba wanda ya ɓata a Shahe. Ban san abin da Kawu ya gaya musu a Kwari ba, bai kuma taɓa gaya wa mahaifiyata abin da ya faru ba, domin da ya gaya mata da na ji. Na samu natsuwar da na yi ta nema, na rubuta aikina, sai dai nakan kama kaina ina ciro wayar ina dubawa ko ta lalace ne. Kafin in gama Kawu ya sake zuwa garin, a bakin abokina ɗan Damagaram na ji, bayan ya koma. Na kare digirina, hoton wannan fuskar karayar ne a tsakiyar aikin. Sawun yatsan Kawu kuwa ya yi tsatsa a gefen guntun, ja, da zanensa duka.

Ranar da na koma Kano shi ya tarye ni a filin jirgi, ya rungume ni, ya yi ta nuna ni ga mutane. Har yau bai fasa alfahari da ni ba, bai rage mini komai ba. Abu ɗaya ne kawai ya canja, Kawu bai sake aikena ba. Na yi shekaru ina juya abin a raina, ko tausayina ya ji da ya ga abin da aike-aiken suka kusa yi mini, ko kuwa tsawar ce ba ta bar kunnensa ba. Ban sani ba, kuma ba tambayar da ake yi wa kawu ba ce. Abin da na sani shi ne ina kewar aiken, ni da na yi ta kuka da shi.

Kwanakin baya na je gaishe shi, ya tsufa, gwiwoyinsa sun gaji. Muna zaune a zaure mu biyu aka kira sallar la'asar. Butarsa tana can bakin ƙofa, ni na fi kusa da ita. Na ga ya dube ta, ya dafa bango zai tashi. Na yi wuf na miƙe.

Ya ce, "Zauna, Injiniya."

Na zauna. Ya taka a hankali ya je ya ɗauko abarsa.